Motar ɗaga kaya mai miƙa hannu: abin da take ƙara wa sito da abin da take ragewa

Mai sito da ya nemi farashin motar ɗaga kaya don matsattsun layuka yakan samu takardu uku daga dillalai uku, kowanne yana cewa tasa "tana miƙa hannu", amma kuɗin bai yi kusa da juna ba, nauyin da aka rubuta ma ya sha bamban. Ba lallai wani daga cikinsu ƙarya yake yi ba. Na'urori ne daban-daban ake sayarwa da suna ɗaya, kuma kowace tana da irin kanta, da irin daɓe, da irin faɗin layin da take buƙata. Tambaya a kan waɗannan motoci ta ƙara yawa a Arewa tun da aka buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018 da ta Dala a Kano a 2023, ga kuma kamfanonin magani da na kayan masarufi da ke son ajiye kayansu a kan falet maimakon jibge katan a ƙasa.

Sassan da ake magana a kansu

Falet shi ne katakon nan, wani lokaci na roba, da ake jera kaya a kai don a ɗauke su gaba ɗaya. Na Turai da aka fi sani yana da tsawon milimita 1,200 da faɗin 800. Akwai mai 1,200 da 1,000, sai na Amurka mai inci 48 da 40, wato kimanin milimita 1,219 da 1,016. Wannan bambancin ƙarami ne a ido, amma shi ke yanke hukuncin ko falet zai shiga tsakanin ƙafafun mota ko ba zai shiga ba.

A gaban foklif, wato motar ɗaga kaya, akwai tsani mai hawa da sauka. A jikin tsanin akwai wani allon ƙarfe mai kauri da sarƙoƙi ke ja sama, a jikinsa kuma ake rataye yatsu biyun da ke shiga ƙarƙashin falet. A foklif na gama-gari allon sama da ƙasa kawai yake zuwa. Idan ana son yatsu su shiga kanta, sai motar gaba ɗaya ta matsa. A mota mai miƙa hannu kuwa, motar tana tsaye cak, yatsun ne ke fita su ɗauko kaya su dawo da shi cikin jikinta.

Kalma ta ƙarshe da za a riƙe ita ce cibiyar nauyi, wato nisan da ke tsakanin bayan yatsu, inda kaya ke jingina, da tsakiyar nauyin kayan. Kamfanoni sukan rubuta ƙarfin mota a kan cibiyar milimita 500 ko 600. Duk abin da za a faɗa nan gaba game da raguwar ƙarfi, a kan wannan awon yake.

Dalilin da ya sa aka ƙirƙiro ta

Foklif na gama-gari yana ɗaukar kaya a gaban ƙafafunsa na gaba, sai a ɗaura masa ƙarfe mai nauyi a baya don kada ya kifa. Tsawon motar da na kayan sai su haɗu, shi ya sa yake buƙatar layi mai faɗin mita 3.5 zuwa 4 kafin ya juya ya fuskanci kanta. A sito irin wannan, filin da aka bar wa mota yakan fi wanda kaya ke zaune a kai.

A shekarun 1950 ne kamfanoni a ɓangarori biyu na tekun Atilantika suka fito da mafita. Raymond a garin Greene na jihar New York, da Lansing Bagnall a Ingila, da Jungheinrich a Jamus, duk sun ƙera motocin lantarki masu ƙafafu biyu da suka miƙe gaba, ta yadda idan an janyo kaya yana zama a saman ƙafafun ko a tsakaninsu. Tunda nauyin ya dawo cikin da'irar ƙafafu, ba a buƙatar dogon baya mai nauyi, motar ta gajarce, layi ya koma mita 2.6 zuwa 3. Daga nan hanya ta rabu: Amurka ta fi karkata ga hannu mai buɗewa kamar almakashi, Turai ta fi karkata ga tsani mai tafiya, kuma har yau haka kasuwannin biyu suke. Wanda ya sayi tsohuwar mota daga waje, ba tare da ya sani ba ya sayo tsarin sito na ƙasar da ta fito.

Hanyoyin miƙawa

A tsarin almakashi tsanin ba ya motsi. Tsakaninsa da allon yatsu akwai hannuwan ƙarfe da suka gitta juna, gefe ɗaya a ɗaure da fin, ɗaya gefen yana gudu a kan ƙananan tayoyi cikin kwarin ƙarfe. Silinda biyu na man haidurolik ke buɗe su su rufe. Almakashi ɗaya yana tura allo kimanin santimita 60. Idan aka haɗa biyu a jere, miƙawar tana wuce mita ɗaya, wasu har kusan mita 1.35, kuma wannan ne ke kai yatsu ga falet na biyu da ke bayan na farko. Direban irin wannan mota galibi a tsaye yake aiki.

A tsarin tsani mai tafiya, tsanin dukansa ne ke zamewa gaba da baya a kan tayoyi cikin ƙafafun motar. Babu hannuwa masu lanƙwasa a sama, saboda haka kayan ya fi zama daram a can ƙololuwa, kuma manyan samfura suna kai kaya sama da mita 12. Direba yana zaune ne a kaikaice. Iyakarsa ita ce tsani ba ya wuce bakin ƙafafu, don haka zurfi ɗaya kawai yake kaiwa. Akwai kuma wani abu da sababbin masu saye ba su cika lura da shi ba: a yawancin samfura faɗin da ke tsakanin ƙafafun yana karɓar falet mai faɗin 800 ne. Mai faɗin 1,000 ko 1,200 sai an ɗaga shi ya haye saman tayoyin gaba kafin a janyo. Direban da ya manta ya janyo a ƙasa, ƙafar mota ce za ta farfasa katakon.

Hanya ta uku ita ce yatsu masu tsawaita. A nan allo da tsani suna nan yadda suke, amma kowane yatsa yana da riga ta ƙarfe a waje da silinda a ciki, rigar tana zamewa gaba idan an danna. Kamfanin Meijer na ƙasar Holan ya yi suna a kansu. Ana iya ɗaura su a mota mai tsani mai tafiya don ta kai zurfi biyu, ko a foklif na gama-gari don ya loda tirela daga gefe ɗaya ba sai an zagaya ba. Suna buƙatar ƙarin layin mai daga motar, da wani bawul mai raba mai daidai don yatsun biyu su fita tare. Sun kuma fi yatsu na gama-gari kauri, alhali ƙofar falet na Turai kimanin milimita 100 ce kawai, don haka wurin kuskure ya ragu.

Kada a haɗa waɗannan da safar ƙarfen da ake zura wa yatsu da hannu a ɗaure da fin. Wannan ba miƙawa ba ce, ƙarin tsawo ne na dindindin har sai an cire. Ƙa'idar Amurka ta ce kada safar ta wuce tsawon yatsan asali sau ɗaya da rabi. Wadda aka haɗa a wurin mai walda ba ta da lambar nauyi, ba wanda ya gwada ta, kuma ranar da za ta karye ba ta sanarwa.

Lissafin fili

Ga misali da sito mai faɗin mita 33 da falet mai zurfin mita 1.2. Layuka biyu na kanta da suka ba wa juna baya suna cin kimanin mita 2.6. Da foklif na gama-gari da hanya mai mita 3.8, kowane rukuni yana cin mita 6.4, sito ya ɗauki jeri 10 na falet. Da mota mai miƙa zurfi ɗaya da hanya mai mita 2.8, rukuni ya koma 5.4, jeri ya zama 12. Da zurfi biyu, jeri huɗu suna cin mita 5.2, a ƙara hanya mai mita 3, rukuni ya zama 8.2, sito ya ɗauki jeri 16. Daga 10 zuwa 16 a gini ɗaya, da kuɗin haya ɗaya. Wannan shi ne abin da dillali ke nunawa, kuma gaskiya ne a takarda.

Faɗin hanyar ba da ido ake yanke shi ba. Takardar bayanin kowace mota ta Turai tana ɗauke da mafi ƙarancin faɗin layi, wanda aka lissafa daga da'irar juyawar motar da girman falet, aka ƙara milimita 200 na tsaro. Awon daga kaya zuwa kaya ne, ba daga ƙarfen kanta zuwa ƙarfen kanta ba. Falet yakan leƙo daga kanta da kimanin santimita 5 a kowane gefe, buhu ko katan kuma yakan kumbura ya wuce bakin katako. Wanda ya auna daga ƙarfe zuwa ƙarfe ya ci santimita 10 ko fiye daga cikin 20 ɗin da aka bar wa direba.

Nauyin da ke raguwa

A nan ne aka fi yin asara, domin lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin mota ita ce mafi girman abin da za ta iya a yanayi mafi sauƙi. Mai tura kurar ruwa ya san abin: jarkokin da ke kan tayoyi ba sa damunsa, amma idan aka tara su a can gaba, mariƙin sai ya ɗaga sama. Tayoyin gaban foklif ma nan ne wurin juyin, kuma duk santimitar da kaya ya ƙara nisa da su yana ƙara ƙarfin da ke neman ɗaga bayan motar.

A ɗauki foklif na gama-gari mai ɗaukar kilo 2,500 a cibiyar milimita 500, a ce daga gatarin gaba zuwa bayan yatsu milimita 470 ne. Jimlar nisa 970, a ninka da 2,500, ya ba da 2,425,000. Falet mai zurfin 1,200 cibiyarsa tana kan 600, nisa ya zama 1,070, ƙarfi ya sauko zuwa kimanin kilo 2,260. Yanzu a tura wannan falet gaba da ƙarin milimita 1,200 da yatsu masu tsawaita. Nisa ya zama 2,270, ƙarfi ya koma kimanin kilo 1,070. Fiye da rabi ya tafi, kuma ba a riga an cire nauyin na'urar da aka ɗaura ba, ba a kuma yi maganar tsawo ba. Wannan lissafi na fahimta ne kawai. Ainihin lambar kamfanin da ya ƙera motar ne ke bayarwa, bayan ya duba tsani da tayoyi da ƙarfin yatsun kansu, kuma sau da yawa tasa ta fi wannan ƙanƙanta.

Motocin da aka ƙera musamman don miƙawa ma ba su tsira ba. A kasuwar Amurka, mai almakashi ɗaya tana kaiwa kimanin tan 2, amma 'yar'uwarta mai almakashi biyu a jiki iri ɗaya takan tsaya a wajen tan 1.4. Sannan kowace mota tana da farantin ƙarfe kusa da direba mai nuna nauyi a tsawo daban-daban. Motar da ke ɗaukar kilo 1,600 a mita 5 ba za ta ɗauke shi a mita 10 ba. Abin da ya kamata mai saye ya kai wa dillali ke nan: nauyin falet ɗinsa mafi nauyi, da tsawon bene mafi sama na kantarsa, da zurfin da zai kai, ya ce a nuna masa lambar da ke daidai da waɗannan uku a haɗe.

Kaya mai motsi ya fi wahala. Tankin lita 1,000 na mai ko sinadari da bai cika ba, ruwan yana tafiya gaba idan almakashi ya tsaya farat ɗaya. Falet da aka loda wa injin mai nauyi a gefe ɗaya, cibiyarsa ba a tsakiya take ba, ko da ma'auni ya nuna bai kai iyaka ba.

Gardamar zurfi biyu

Masu goyon bayan kanta mai zurfi biyu suna cewa ita ce hanya mafi arha ta ƙara yawan ajiya: kantar irin ta gama-gari ce aka ninka, motar tana iya yin sauran aikin sito, kuma ba a buƙatar daɓe na musamman kamar yadda motocin lungu, wato masu aiki a layi mai matsi sosai, ke buƙata.

Masu suka suna nuni da abu ɗaya: rabin kayan a ɓoye yake. Ba a kaiwa ga falet na baya sai an cire na gaba, wato wanda ya shiga ƙarshe shi ke fara fita. Ga lemon kwalba ko sabulu ko taliya, inda kaya iri ɗaya yake da falet goma sha, wannan ba matsala ba ce, sai a kwashe rami ɗaya gaba ɗaya kafin a taɓa na gaba. Ga magani ko madarar jarirai mai lambobin ƙira daban-daban da ranar lalacewa, falet na baya yana iya tsufa a wurin yayin da ake ta sauya na gabansa. Akwai kuma gurbin da ke zama fanko. Kaya mai falet 3 yana cin ramuka biyu, wato gurbi 4, ɗaya ya tafi a banza sai dai a cusa wani kaya daban a gabansa, wanda kuma zai jawo ɗauke-ɗauke sau biyu. Sito mai kaya iri-iri da yawa, kowanne falet ɗaya ko biyu, jeri 16 ɗinsa na takarda ba zai fi 12 na zurfi ɗaya amfani ba.

Kantar ma tana da sharaɗi. Don almakashi ya kai baya, dole motar ta matso har ƙafafunta su shige ƙarƙashin kanta. Saboda haka ko dai a ɗora falet na ƙasa a kan sandar kwance da aka ɗaga daga daɓe, ko a bar gurbi a gefen kowane falet inda ƙafafun za su bi. Na farko yana ƙara kuɗin ƙarfe, na biyu yana cin faɗi. Kowane bene kuma yana buƙatar ƙarin sarari a sama, domin hannuwan almakashin da kansu suna shiga cikin ramin.

Ɓangare na uku yana cewa a bar miƙawa gaba ɗaya a matse layin. Motocin da yatsunsu ke juyawa hagu da dama suna aiki a lungu mai mita 1.6 zuwa 1.8, kuma kowane falet a fili yake. Sai dai suna da tsada, suna bin dogo ko waya da aka binne a daɓe, kuma daɓen sai an zuba shi da awo mai tsanani. Tsakanin biyun akwai motoci masu lanƙwasa wuya irin su Bendi da Flexi da Aisle Master, waɗanda ke shiga layin da bai kai mita 2 ba kuma suna iya fita tsakar gida. Babu wanda ya fi a kowane hali. Yawan falet na kowane irin kaya ne ke raba gardamar.

Yadda ake ɗauka da ajiyewa

Direba yana tsayar da mota tana fuskantar kanta sosai, ba a karkace ba, ya taka birki. Ya ɗaga kaya har ƙasan falet ya wuce sandar kanta da kimanin santimita 10 zuwa 15, ya daidaita yatsu su kwanta, ya gyara gefe da na'urar zamewa, sannan ya miƙa a hankali. Ya sauke har sai katakon ya zauna a kan sandar gaba da ta baya, yatsu sun saki. Ya janye hannun gaba ɗaya, ya duba baya, ya ja da baya a miƙe, ya sauke yatsu zuwa kusa da ƙasa, sannan ya juya.

Kusan duk hatsarin da ake samu daga tsallake ɗaya daga cikin waɗannan ne. Tafiya da hannu a miƙe tana mayar da motar abin da ba a ƙera ta ta zama ba. Juyawa da kaya a sama tana kifar da ita gefe. Tura falet da almakashi don a gyara masa zama yana lanƙwasa hannuwa, yana kuma iya turo na baya ya faɗo a layin da ke ɗaya gefen, inda wani ke tsaye bai san abin da ake ciki ba. Yatsun da suka fi falet tsawo suna leƙawa su ɗaga na bayansa. A zurfi na biyu, daga mita 6 zuwa sama, direba ba ya ganin bakin yatsunsa kwata-kwata, shi ya sa kyamara a jikin allo da na'urar zaɓen bene ba kayan ado ba ne.

Motar da ake tuƙawa a tsaye tana da nata haɗarin. Idan ta ja da baya ta shige ƙarƙashin sandar kanta da ta fi jikin motar tsawo, sandar tana samun direba a baya ko ƙirji. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta fitar da gargaɗi na musamman a kan wannan. Maganinsa sanduna ne na kariya a bayan wurin direba, ko a gyara tsawon sandar kanta ta farko. Ƙafar da aka bari a waje kuma, motar da ta fi tan 3 ba ta jin ta.

Abin da ke lalacewa

Almakashi yana da fin da bushin da yawa, kuma kowane ɗan sako-sako yana taruwa a bakin yatsa. Alamar farko ita ce yatsu suna sunkuyawa idan an miƙa da kaya, har su riƙa gogar sandar kanta wajen fita. Idan allon yana fita a karkace, ɗaya daga cikin silinda biyun ya gaza ko an ɗaure su ba daidai ba. Idan hannu yana zamewa gaba da kansa alhali ba a taɓa komai ba, mai ne ke wucewa ta cikin robar silinda ko ta bawul. Tiyon mai da ke bin tsani yana lanƙwasa sau ɗaruruwa a wuni, a wurin gogayya yake fara tsagewa. Ba a laluben yoyon haidurolik da hannu, domin man da ke fita ta ƙaramin rami yana huda fata ya shiga jiki. Da kwali ake nema. Ba a kuma sa hannu cikin almakashi sai an kashe mota, an sauke allo, an tokare hannuwan da katako mai ƙarfi.

Yatsu suna cinyewa a dunduniya, inda suke gogar ƙasa. Idan kaurin wurin ya ragu da kashi 10 cikin 100, ƙarfin yatsan ya ragu da kimanin kashi 20, kuma ƙa'idar ISO 5057 ta ce a cire shi daga aiki. Sarƙar da ta miƙe da kashi 3 cikin 100 ita ma ta gama. Yatsan da ya tsage ba a kai shi walda.

A Arewa ƙurar hunturu tana ƙara aiki. Giris ɗin da aka lafta a kwarin tayoyi yana kama ƙura ya zama kamar yashi, yana cin boris. Gara a goge tsohon a sa kaɗan akai-akai da a tula da yawa sau ɗaya. Ledar naɗe kaya da igiyar buhu da ke yawo a ƙasa kuma suna naɗewa a tayoyin gaba su ƙone boris.

Daɓe da batir

Waɗannan motoci na cikin ɗaki ne. Tayoyinsu ƙanana ne masu tauri, cikinsu yana kusa da ƙasa. Idan ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tudu da milimita 5 kacal, a mota mai faɗin mita 1.2, kaya a tsawon mita 10 zai karkata da kimanin milimita 42. Sararin da ake bari tsakanin falet da dirkar kanta kimanin milimita 75 ne. Fiye da rabinsa ya tafi kafin direba ya yi nasa kuskuren. Yawancin tsofaffin sito da aka gina don jibge buhuna ba a zuba daɓensu da wannan tunanin ba, kuma gyaran daɓe yana iya zama kaso mai tsoka a kuɗin aikin. Motar ba ta hawa gangara mai tsauri, tsaninta kuma ya fi ƙofar kwantena tsawo, don haka har yanzu ana buƙatar foklif na gama-gari ko jakin hannu na ɗaga falet a bakin ƙofa.

Batirin ba wuta kawai yake bayarwa ba, yana cikin nauyin da ke riƙe motar. Farantin bayani yana nuna mafi ƙarancin nauyin batir da aka yarda. Wanda ya sauya tsohon batir mai ruwa da na litiyam mara nauyi, ba tare da cike gibin yadda kamfani ya tsara ba, ya rage wa motar ƙarfi bai sani ba. Batir mai ruwa yana son kimanin awa 8 na caji da lokacin hucewa, da ruwan batir tatacce, da ɗaki mai iska saboda iskar haidirojin da yake fitarwa. Batirin motocin Turai galibi mai ƙarfin wuta bolt 48 ne, na Amurka da yawa 36, kuma cajar da aka yi don wutar Amurka ba lallai ta dace da tamu ba. Inda wuta ba ta tsayawa, kuɗin janareta na dare yana cikin kuɗin motar.

Abin da ƙa'idoji suka ce

Dokar OSHA ta hana ɗaura wa foklif duk abin da zai taɓa ƙarfinsa ko tsaronsa sai da rubutacciyar amincewar kamfanin da ya ƙera shi, kuma dole a sauya farantin nauyi ya nuna sabuwar lamba. Tana kuma buƙatar a duba mota kullum kafin aiki, a sake auna ƙwarewar direba aƙalla sau ɗaya a shekara uku. A Birtaniya dokar LOLER ta 1998 ta wajabta cikakken bincike daga ƙwararre aƙalla duk wata 12. Ga kanta, ƙa'idar Turai EN 15635 ta kasa lalacewa gida uku. Ana ɗora ma'auni mai tsawon mita ɗaya a jikin dirka: lanƙwasar da ba ta wuce milimita 3 ta fuskar zurfi ko 5 ta fuskar tsawon layi ba, a sa mata ido. Wadda ta wuce haka, a sauke kaya a gyara cikin mako huɗu. Wadda ta ninka iyakar, a sauke nan take a killace wurin. Kamfanonin waje da ke ba da ajiyar kayansu, da masu inshora, sukan nemi irin waɗannan takardu ko da sito ba a Turai yake ba.

Wa abin zai shafa

Direban da ya ƙware a foklif na dizal ba ya zama direban wannan mota da hawa ɗaya. Sitiyarin yana juya tayar baya har ta yi kwana cikakke, ana tafiya da kaya a baya ko a gefe, ana aiki da wuya a ɗage. Yana buƙatar horo na daban, kuma wanda ya samu horon kasuwarsa ta fi faɗi. 'Yan dako kuwa aikinsu a cikin sito yana raguwa, ya koma bakin ƙofa, wurin sauke kaya daga tirelar da ta zo babu falet, da jera shi, da naɗe shi da leda. A layi mai mita 2.8 babu wurin da mai tafiya a ƙasa zai raɓe idan mota ta juyo, don haka sito da ya matse layukansa dole ya raba lokacin masu tsintar kaya da hannu da lokacin mota.

Ɗan kasuwar da ke hayar gurbi a sito na wani zai ga ana ƙirga masa kuɗi da falet maimakon faɗin ƙasa, ana kuma ƙin karɓar katakon da ya karye, ko wanda aka haɗa da ragowar itace ba bisa awo ba, ko kayan da ya leƙo waje. A kanta mai zurfi biyu yana da kyau ya tambaya ko ana cajin kuɗin ɗauke falet na gaba idan nasa ne a baya, da kuma yadda ake rubuta ranar lalacewar abin da aka tura can ciki. Mai sayen tsohuwar mota kuma, kafin maganar farashi, ya karanta farantin nauyi ya ga ko lambar tsani da ta na'urar da ke jikinta sun yi daidai da abin da aka rubuta, ya sa a miƙa hannun da kaya a tsawon da zai yi aiki ya ga yadda yatsu ke sunkuyawa, ya kuma tambayi inda ake samun tayoyin gaba da robobin silinda na wannan samfurin a Kano ko Legas da tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su iso.